Yanka uku na tsire a dare na 16

Yau wata biyar ke nan da aka yi mini aikin rage ƙiba, aka saka mini zoben tumbi a nan Ingila, kuma har yanzu in na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji a kan wuta sai tsakiyar ƙirjina ta ɗaure. Na rage kilo 14, alhamdu lillahi, ina sallah a tsaye ba tare da kujera ba. Amma duk wadda ta kira ni tana neman shawara, labarin da nake fara ba ta shi ne na dare na 16 bayan aikin.

Aikin kansa ya tafi lafiya. Huda biyar ƙanana a ciki, kwana ɗaya a asibiti, sai ciwon kafaɗa na iskar da ake hura wa ciki lokacin aikin. Makon farko ko tunanin abinci ban yi ba. Rabin kofin romo sai in ji kamar na tashi daga walima. Har na kira yayata a Kano na ce mata, "Yaya, wallahi yunwa ta mutu." Ashe kumburin aiki ne ya matse hanyar, zoben bai ma fara aikinsa ba.

Wajen kwana na 10 kumburin ya saɓe, yunwa ta dawo da ƙarfinta. Irin yunwar da ciki ke ƙugi har na kusa da kai ya ji, hannu na rawa, ƙarfe uku na dare ido biyu. Ga shi dokar ta ce mako biyu na farko ruwa-ruwa kawai, mako biyu na gaba abin da aka niƙa ya yi laushi kamar na jariri, sannan a matsa zuwa mai taushi.

Abin da har yau yake ɓata mini rai shi ne ban gane cewa zoben fanko aka saka shi ba. Zobe ne na silikon da ake zagaye saman tumbi da shi, yana da 'yar tiyo da ta haɗu da wani maɓalli a ƙarƙashin fata, ta nan ake zuba ruwan gishiri da allura don a matse shi. Ba a yin zubin farko sai bayan mako huɗu zuwa shida, don a bar ɗinkin da ke riƙe da zoben ya warke. Kuma wannan aikin ba ya yanke komai daga tumbi, saboda haka sashen da ke fitar da girelin, sinadarin da ke sa jin yunwa, yana nan daram. Tumbina na jiya ne, yunwata ta jiya ce, abincin kawai aka janye. An rubuta wannan a ɗan littafin da suka ba ni, layi biyu a can tsakiya. Ma'aikaciyar jinya ma ta ambata sau ɗaya, ranar da hankalina duk yana kan allurar barci. Abu mai nauyi haka ya kamata a zaunar da mutum a maimaita masa sau uku.

Da yake ban gane ba, sai na yanke wa kaina hukunci cewa aikin bai yi ba, ko kuma ni ce marar haƙuri. Kuma na yi shiru. Sarƙata ta zinare na sayar na cika kuɗin, bayan dangi sun yi ta cewa, "Ki rage ci mana, ki riƙa azumin Litinin da Alhamis, mene ne na yanka ciki?" Da wane baki zan ce musu ina jin yunwa? Ko Baban Ummi ban gaya wa ba. Na ƙara da wani kuskuren: madarar furotin da aka rubuta mini ta ishe ni saboda zaƙinta, sai na ajiye ta, na koma shayi da romo tsararo, ina ganin ai rage ci shi ne manufar.

A dare na 16 Baban Ummi ya yi baƙi, aka gasa tsire. Bayan sun watse, wajen ƙarfe 11, na shiga kicin ɗaukar ruwa, ga ragowar nan a faranti da albasa a kai. Ban ma zauna ba. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce, ban tauna su yadda ya kamata ba don ina sauri kada a gan ni. Na uku ya tsaya.

Kamar an kafa mini turmi a bayan ƙashin ƙirji, ciwon yana harbawa har baya. Miyau mai yauƙi kamar miyar kuɓewa ya riƙa cika mini baki, ina tofarwa yana dawowa. Na kurɓi ruwa don in tura shi, ruwan ya zauna a kansa, ya dawo ta baki da hanci. Daga nan amai ya fara. Baban Ummi ya same ni durƙushe a banɗaki, ya dafa kafaɗata ya ce, "Maman Ummi, don Allah me kika ci?" Na kasa magana, sai na ɗaga masa yatsu uku. Shi ya kira 111, lambar neman shawarar lafiya ta gaggawa a nan Ingila, suka ce mu tafi asibiti.

Tsoron da likitoci ke ji a irin wannan lokaci shi ne yunƙurin amai ya tsinka ɗinki, tumbi ya zame ta cikin zoben, a sake komawa tiyata. Washegari aka ba ni wani farin ruwa mai kama da alli, bariyom, na haɗiya ana ɗaukar hoto. Minti goman da na yi ina jiran sakamako ban san adadin istigfarin da na yi ba. Zoben yana wurinsa. Na yi kuka a gaban likitan, ban ji kunya ba. Sai dai wurin ya kumbura, aka mayar da ni kan ruwa-ruwa na mako guda, aka ɗaga zubin farko daga mako na shida zuwa na takwas. Yanka uku na nama suka ƙara mini mako biyu cur na yunwar da nake gudu.

Masaniyar abinci ta asibitin ta tambaye ni abin da nake sha a rana, na lissafa mata. Ta ajiye biro ta ce me ya hana ni kiran ta tun kwana na 10. Ta ce kusan kowa yana shiga wannan hali kafin zubin farko, kuma abin da nake sha bai kai ko rabin furotin da jikina ke buƙata ba. Lambarta tana jikin littafin nan tun ranar farko. Kira ɗaya da ya raba ni da daren nan.

Tsarin da ta ɗora ni a kai ba wani abin mamaki ba ne. Furotin gram 60 zuwa 80 a rana, a rarraba shi duk bayan awa biyu zuwa uku, ba a jira sai yunwa ta kai intaha. Kofin madara yana da kamar gram 8, ƙwai ɗaya kamar gram 6, sai na riƙa ƙara garin madara cokali biyu a cikin yogot marar sukari. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kurɓi-kurɓi, amma ba tare da abinci ba, a bar minti 30 tsakani. Lemun kwalba mai gas kuwa babu shi sam.

Sauran na gano da kaina a kicin ɗina, domin takardarsu ba ta san abincinmu ba. Kunu da fura na fara rugawa gare su, tunda ruwa-ruwa ne, amma zarcewa suke yi ta zoben, bayan awa ɗaya cikin ya sake kuka, ga sukari a banza. Da na kai matakin niƙaƙƙen abinci, alala ce ta cece ni. Ina yin ta da ruwa sosai, in sa kifi a ciki, in dama cokali huɗu da romon kaza, ta riƙe ni awa uku. Waken da aka dafa ya narke aka tace shi ma haka. Tuwo, burodi da shinkafa na bar su sai can gaba, don dunƙulewa suke yi su tsaya daidai inda naman nan ya tsaya.

Yunwar ba ta tafi gaba ɗaya ba, ta dai sauko inda zan iya zama da ita. Na kuma koyi raba ta da kwaɗayi. In na ji ina son ci, sai in tambayi kaina ko zan sha yogot tsurarsa. In amsar e ce, yunwa ce, sai in sha. In tsire kawai raina ke so, sai in bar kicin ɗin. Bayan sallar isha ne lokacina mafi wuya, saboda haka nake ajiye kaso ɗaya na musamman don wannan lokacin. Na gaya wa Baban Ummi komai, shi da kansa ya hana gashin nama a gidan har na wata biyu, kuma ragowar abinci ba ta sake kwana a fili ba.

Zubin farko ya zo a mako na takwas, allura ɗaya ta minti biyar. Bai yi wani tasiri sosai ba, sai a zubi na uku na fara cin ɗan ƙaramin faranti in ƙoshi har awa huɗu. Yanzu loma ba ta wuce girman kwabon feni 20 ba, tauna 20, in minti 20 ya cika in ture farantin. A watan jiya na sake ɗanɗana tsire, yanka ɗaya, na raba shi huɗu da wuƙa, a zaune, Baban Ummi yana gefena. Ya wuce lafiya, amma hannuna yana kan ƙirjina har na gama.