Cin kifi a ƙananan gidajen abincin Iskandariya

Iskandariya, birni na biyu mafi girma a Masar, tana gaɓar Bahar Rum, kuma daga Alƙahira tafiyar kimanin awa uku ce a jirgin ƙasa. Na hau jirgin a tashar Ramsis tare da wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Azhar, wanda ya san garin sosai. Yawancin baƙi suna zuwa ne don ganin babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, ko sansanin da Sarki Ƙaitbai ya fara ginawa a 1477 a wurin da tsohuwar hasumiyar birnin mai haska wa jiragen ruwa hanya take a da. Mu ma mun je, amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ƙananan gidajen abincin unguwannin Bahari da Anfushi, inda masunta da 'yan kasuwa da magidanta da iyalansu suke cin abinci a teburan da ke daf da juna.

Bayan mun yi sallar azahar a masallacin Abul Abbas Almursi, muka bi wani lungu da ba shi da nisa da kasuwar kifi ta Anfushi. Gidan da muka shiga ba a miƙa wa mutum takardar jerin abinci. A bakin ƙofa aka shimfiɗa kifi a kan ƙanƙara, har da jatan lande da ƙaguwa, sai mai saye ya duba da idonsa, ya nuna wanda yake so, a ɗora a sikeli a gabansa, a faɗa masa kuɗin kilo, sannan a tambaye shi yadda za a dafa. Ƙanena ya ce mini, "Yaya, duba idon kifin, in ya yi garau, to bai kwana ba." Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, domin babu abin da aka ɓoye wa mai ci, kuma mai gidan ya san cewa kayansa ne za su yi masa shaida tun kafin a hura wuta.

Muka zaɓi buri, kifin da ake birkiɗawa cikin dusar alkama a gasa shi a kan wuta har fatar ta yi baƙi ƙirin. Dusar ce take ƙonewa, ta tsare naman da ke ciki, saboda haka idan aka ɓare sai a tarar da shi fari, da laushi da maiƙo, an kuma tsoma shi cikin ruwan tafarnuwa da lemon tsami da barkono. Na biyun kuwa singari aka yi mana shi, wato an tsaga kifin an buɗe, an zuba tumatir da albasa da tattasai a kai, aka gasa a tanderu. Kafin su iso an riga an cika teburin da gurasa mai zafi da niƙaƙƙen riɗi da gasasshen yalo da kayan lambu masu tsami, sai shinkafar sayadiyya wadda soyayyar albasa take mayar da ita ruwan ƙasa. Da hannu kowa yake ci, kuma babu mai gaggauta wani ya tashi.

Da daddare muka ci hantar da garin ya yi suna da ita, wadda ake yankawa siri-siri a soya da tafarnuwa da ɗanyen barkono a cusa cikin burodi. A tsaye ake ci, kamar yadda ake taruwa a gaban mai tsire a gida. Washegari da safe muka karya da dafaffen waken ful da falafil, wani irin ƙosai, wanda a Masar da irin wannan waken ake yin sa.

Ga wanda zai je, ya nemi gidan da ya ga 'yan gari sun cika da iyalansu, ya kuma tambayi kuɗin kilo da na gashi kafin a auna, domin farashin kifin teku yana canzawa gwargwadon abin da masunta suka kamo a ranar.