Ina ake ajiye fayilolin shafi a kan localhost?

Ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da sauran makarantun Bauchi sukan maƙale a wuri guda idan aikin kammala karatu ya taso: an saka XAMPP (manhajar da ke mai da kwamfutar mutum sabar gwaji, wato localhost), Apache (ɓangarenta mai miƙa shafuka ga burauza) ya nuna kore alamar yana aiki, amma shafi ya ƙi fitowa. Galibi fayilolin suna zaune ne a Desktop, alhali Apache folda ɗaya tak yake leƙawa, wadda ake kira DocumentRoot.

WAMP da Laragon ma aiki irin na XAMPP suke yi. A Windows, ta XAMPP ita ce C:\xampp\htdocs, ta WAMP C:\wamp64\www, ta Laragon kuma C:\laragon\www. Mai Ubuntu zai same ta a /var/www/html.

Ka buɗe sabuwar folda a cikin htdocs, ka sa mata suna, misali makaranta, ba tare da tazara a sunan ba. Ka zuba fayilolinka a ciki, shafin farko ya zama index.php ko index.html, sannan ka rubuta localhost/makaranta a burauza. Ba ya cin data ko kaɗan. Kada ka zuba su kai tsaye a htdocs, don za ka danne index.php na XAMPP, wanda shi ke kai mutum shafin farko na XAMPP.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne danna fayil sau biyu. Dubi adireshin da ke sama: in ya fara da file:/// to Apache bai ma san ana yi ba, PHP kuwa ba zai gudana ba sai ta hannunsa. Idan 404 ka gani, wato ba a samu shafin ba, duba sunan fayil da kyau. Windows na ɓoye ƙarshen suna, Notepad kuma yakan liƙa .txt, sai ka tarar index.php.txt ne da kai.

A Ubuntu, 403 (wato an hana shiga) yawanci maganar izini ce, domin Apache na aiki da sunan www-data, ba da naka ba. Ka ba folda lambar izini 755, fayil 644. Masu cewa a sa 777 ba su yi maka gata ba, kowa ka buɗe wa ƙofa, kuma ɗabi'ar za ta bi ka har kan sabar gaske.

In kana shakkar foldar, buɗe C:\xampp\apache\conf\httpd.conf ka nemi layin DocumentRoot. Idan ka canza shi, ka canza layin Directory da ke ƙasansa su zama ɗaya, sannan ka kashe Apache ka sake kunna shi, in ba haka ba canjin ba zai kama ba.