Haƙorin garmar Baba

Jiya na kwance haƙorin garmarmu na kai maƙera, karo na biyu ke nan a daminar bana. Maƙerin ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Malam, ƙasar nan taku tana cin ƙarfe." Gaskiyarsa. Gonarmu jigawa ce, yashi kuwa lasar ƙarfe yake yi a hankali har baki ya dakushe. Da zarar ya dakushe sai garma ta ƙi nutsewa, ta riƙa zamewa a sama, kai kana danna ta da ƙarfin kafaɗa, shanu suna haki a banza.

Garmar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Irin wadda ake kira Emcot ce, sunan da ya samo asali daga hukumar auduga ta Turawan mulkin mallaka, wadda ta yi gona a Daudawa can wajen Funtuwa. Tun ƙarshen shekarun 1920 suka fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, don su samu auduga da gyaɗa da yawa. Su sun tafi, garma ta zauna, har maƙeranmu suka iya ƙera ta da kansu.

Abin da nake so a aikinta shi ne yadda fikafikan nan biyu suke raba ƙasa dama da hagu. In ka tafi ka tada rabin kunya, in ka juyo ka rufe ɗaya rabin, takin da aka watsa da ciyawa duk sun shige ciki. Ranar da Baba ya fara sakar mini ita, kunyata ta fito a karkace kamar sawun maciji. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Daina kallon garma, kalli bishiyar can." Har yau in na kama hannun garma sai na nemi abin da zan tsayar wa ido a ƙarshen gona.

Masu cewa zamanin shanu ya wuce, ina jin ba su taɓa zaman jiran tarakta ba bayan an yi ruwan shuka, kana kallo laima tana bushewa. Bijimaina da asuba nake ɗora musu karkiya, kafin rana ta yi zafi mun tashi. Su ja amalanke da kaka, su ba ni taki, in sun yi ƙiba kuma in sayar in sayi ƙanana in hore su.

Abin da ke ci mini rai shi ne ɓarayin shanu. A nan ƙasar Katsina maƙwabtana da dama sun sayar da nasu don tsoro, wasu sun koma huɗa da raƙumi. Ni dai nawa a tsakar gida suke kwana yanzu, dab da tagar ɗakina, ina jin tuƙarsu har barci ya ɗauke ni.