Godiya bayan aikin Inna

Alhamdu lillahi. A madadin gidanmu na nan Birni, Damagaram, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa an yi wa Inna aikin nono lafiya, har ta fara cin tuwo.

Godiyarmu ta farko ga likitan da ya karɓe mu a Yamai. Mun sha tafiyar kusan kilomita 900 da niyyar a yanke ƙullutun kansar da ke nononta kowa ya huta, sai ya ce shimiyo, wato ruwan maganin kansa da ake sawa ta jijiya, za a fara don ƙullutun ya motse, aiki daga baya. Kawu bai ɓoye ba: "Likita, maganin zai kama ta, ko kuɗi za mu zubar?" Bai yi mana alkawari ba. Takardar gwajin ɗan naman da aka tsakuro da allura ya ɗauko, ya ce kansar nono iri-iri ce. Wadda sinadarin jikin mace ke ciyarwa, ba kasafai shimiyo ke narkar da ita duka ba. Mai alamar wani sinadari da ake kira HER2 da wadda ba ta da alama ko ɗaya sun fi saurin girma, amma kuma sun fi jin magani. Ta Inna irin ta ƙarshen ce. Ya ce wannan hasashe ne kawai, tabbas sai an duba naman da aka cire.

Bayanin nan ne ya riƙe mu lokacin da gashinta ya zube, jan ruwan shimiyon ya sa ko ƙanshin miya ba ta so, masu kawo sassaƙe kuma suna ta cewa mu daina wahalar da tsohuwa. Ba mu ƙullace su ba, tausayi ne. Duk sati 3 a auna jini, a sa ruwa, lokaci-lokaci a duba da eko, wato na'urar hoton cikin jiki. Ƙullutun da ya kai ƙwan kaza, a hankali hannu ya daina jin sa. Jiya sakamako ya fito: ba a ga ƙwayar kansa ba, a nono ko a kaluluwar hammata.

Ma'aikatan jinya, Goggo da ta bar mana ɗakinta a Yamai, matan adashe da suka ba mu ɗauka tun kafin layinmu ya zo, maƙwabcin da ya riƙa cusa jikka biyar ƙarƙashin tabarma ya fice, Allah ya saka muku da alheri.

Saura gasa wurin da na'ura, wanda tun 2021 ake yi a Yamai. Idan ciwon ya warke za mu koma, a sa mu a addu'a.