Abin da tarukan malaman fasahar nano suka koya mini

Ina koyar da lantarki a wata kwalejin al'umma a Amurka, irin masu karatun shekara biyu, kuma ba mu da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da elektron. Kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Na daɗe ina ganin wannan rashin ya rufe mana ƙofar koyar da fasahar nano, tunda nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, silin gashi guda ma kaurinsa ya kai nanomita 80,000.

Tarukan horar da malamai ne suka sauya mini tunani. Yawancin waɗanda na halarta shirin ATE na tallafa wa ilimin ma'aikatan fasaha ne ke ɗaukar nauyinsu, wanda hukumar kimiyya ta NSF ta kafa bayan dokar 1992. A taron malaman fasaha na HI-TEC da ake yi duk watan Yuli na ji labarin RAIN, wani tsari da cibiyar NACK ta Jami'ar Penn State ta jagoranci kafa shi: jami'a ta buɗe na'urarta ta intanet, ɗalibai suna aji suna sarrafa ta daga nesa. Da muka gwada da fiffiken malam-buɗe-littafi, wata ɗaliba ce ta riƙe linzamin kwamfuta, tana ƙara girman hoton har layukan da ke jikin ɓawon fiffiken suka fito jere kamar kunyoyin gona. Ranar ba wanda ya tambayi lokacin tashi.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne horon da aka sa mu, mu malamai, shiga ɗakin da ba a yarda ƙura ta shiga ba. Ka rufe gashi, ka rufe baki da hanci, ka sa doguwar riga da takalmi da safar hannu, kowanne da lokacinsa. Ciki fitila rawaya ce, domin farin haske na ɓata sinadarin da ake shafa wa faifan silikon, wanda a kansa ake ƙera ƙananan kayan lantarki na cikin kwamfuta. A nan na fahimci dalilin da wakilan masana'antu ke nanata mana cewa sun fi buƙatar ma'aikaci mai bin ƙa'ida daki-daki, mai rubuta abin da ya gani ba ƙari ba ragi. Ni ma na yarda da su ɗari bisa ɗari.

Tun da aka sa hannu kan dokar CHIPS a 2022, wadda ke tallafa wa ƙera ƙananan kayan lantarki na silikon a Amurka, neman irin waɗannan ma'aikata ya ƙaru. Yanzu kowane ɗalibina yana da littafin aiki, kuma makinsa daidai yake da na jarrabawa.