Abin da nake gani daga bayan kantar gyaran waya

Wani magidanci ya shigo shagona wata rana da hantsi, ya ajiye waya a kan kanta, ya ce mini haka kawai ta ɗauke cikin dare, ya tashi da safe ya tarar ba ta kawo wuta. Na tambaye shi ko ta faɗi, ya ce a'a. Na tambaye shi ko ruwa ya taɓa ta, ko da yayyafi ne, ya ce ko kusa da ruwa ba ta je ba. Da waɗannan tambayoyi biyu duk mai gyaran waya yake farawa, domin amsarsu ce take nuna masa inda zai dosa, kamar yadda likita yake sauraron maras lafiya kafin ya ɗora masa hannu. Na ɗauki maganarsa, na fara da batir, na koma kan wurin caji, na ɓata kusan awa guda ina neman cuta inda babu ita. Sai da na ɗaga murfin ƙarfen da ya rufe injin wayar, na sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, sannan na ga tsatsa kore-kore da fari-fari ta bi ƙafafun ƙananan sassan kamar gansakuka a bakin rijiya. Can gefe kuma 'yar farar alamar nan da kamfanoni suke liƙawa a cikin waya, wadda take sauya launi idan ruwa ya taɓa ta, ta riga ta koma ja.

Da ya dawo da yamma na ce masa, "Malam, wayar nan ta sha ruwa, kuma ba yau ba." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce yaronsa ne ya jefa ta cikin bokiti kwana huɗu da suka wuce, ya tsamo ta ya goge da tsumma, ya ga tana aiki, da ta fara ɗaukewa kuma sai ya riƙa jona ta a caji ko za ta farfaɗo. Wannan jonawar ce ta ƙarasa ta. Ruwa shi kaɗai ba safai yake kashe waya nan take ba. Abin da yake cinye ta shi ne haɗuwar danshi da wutar lantarki, domin muddin wuta tana bi ta jiƙaƙƙen ƙarfe, tsatsa tana saurin ci, hanyoyin da bai kamata su haɗu ba kuma sai su haɗu su ƙone. Da ya kashe ta tun ranar ya kawo ta, aka cire batir, aka wanke injin aka busar, da akwai kyakkyawan zaton ta tashi. Hotunan iyalinsa na shekaru suna ciki, bai taɓa ajiye su a wani wuri ba, kuma ban iya ciro masa ko ɗaya ba. Awar da na ɓata ba ta dame ni ba kamar yadda waɗannan hotuna suka dame ni.

Na san dalilin da ya sa mutane suke ɓoye irin wannan. Wani yana tsoron a ƙara masa kuɗin aiki, wani yana fatan garanti ya ɗauke masa nauyi, wani kuma kunya ce kawai. Akwai ma wanda ya gaskata cewa wayarsa ba ta shan ruwa, saboda ya ga an rubuta IP68 a kwalinta. Lambar farko a wannan alama tana magana ne a kan ƙura, ta biyu a kan ruwa, kuma gwajin da ake yi ana yin sa ne da sabuwar waya a cikin ruwa mai tsabta. Gam ɗin da ya rufe ta yana saki da tsufa, da zafi, da kowace faɗuwa, shi ya sa manyan kamfanonin da suke buga wannan alama su da kansu suke rubuta cewa garantinsu bai haɗa da ɓarnar ruwa ba. Ko mene ne dalilin, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wanda ya ɓoye wa mai gyara tarihin wayarsa kansa ya fi cuta.

Na shekara 12 a wannan sana'a, yara uku suna aiki a ƙarƙashina, kuma idan masu gyara suka zauna hira, ƙorafin abokan ciniki ne yake cika bakinsu. To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Abin da ya fi zubar da mutuncin sana'armu daga gare mu yake fitowa, kuma kalma biyu ce: "Dawo gobe." Mai gyara ya san gilashin wannan samfurin babu shi a hannunsa, ya san ko ya aika a kawo sai ya yi kwana biyar, amma saboda kada aikin ya kuɓuce masa zuwa shagon maƙwabcinsa, sai ya karɓi waya ya ce gobe. Mai waya ya bar aikinsa, ya biya kuɗin mota, ya zo, a ce masa yaro ya tafi karɓo kayan, ya ƙara haƙuri zuwa jibi. Ranar jibi kuma a ce wuta ce babu. Mutumin nan da wayar yake neman abincinsa, da ita iyalinsa suke samun sa, da ita yake karɓar kuɗi yake biya. Da an gaya masa kwana biyar tun farko, da ya nemi aron wata ya sa layinsa, ya ci gaba da harkarsa cikin kwanciyar hankali. Ni ma a shekarun farko na faɗi wannan kalma, kuma na daina ta ne ranar da wata dattijuwa ta zo karo na uku, ta dube ni ta ce, "Ɗana, da ka gaya mini gaskiya da ban sha wannan wahala ba." Ba ta ɗaga murya ba, ta karɓi wayarta a yadda take ta fita, ban kuma sake ganinta ba.

Ga kuma batun kayan gyara. Gilashin waya iri-iri ne: akwai na asali, akwai wanda aka ciro daga jikin wata waya, akwai wanda aka sabunta fuskarsa, akwai kwaikwayo mai kyau, akwai kwaikwayo maras kyau wanda haskensa yake dusashewa a rana, yatsa kuma ya taɓa nan ya amsa can. Babu laifi a sa wa mutum mai araha idan shi ya zaɓa da saninsa, domin kowa da ƙarfin aljihunsa. Laifin shi ne a sa masa kwaikwayo a ce masa na asali ne. Mafi muni a wurina kuwa shi ne mai gyaran da zai karɓi lambar sirrin waya domin gwaji, sannan ya zauna yana leƙa hotuna da saƙonnin mutane. Wannan cin amana ne, kuma yaron da na kama yana yin haka a shagona bai ƙara kwana a wurin aikin ba. Tun 2022 wayoyin Samsung suka zo da wani tsari da mai waya zai kunna kafin ya miƙa ta gyara, ya kulle bayanansa ya bar wa mai gyara abin da yake bukata kawai. Ina nuna wa masu irin waɗannan wayoyi yadda za su kunna shi, kuma ina jin nauyin cewa halin wasunmu ne ya sa aka ƙirƙiro shi.

Ni ma abokin cinikin wasu ne, saboda haka na san ɗacin abin daga ɗaya ɓangaren. Na taɓa sayen batura daga wani dila da muka daɗe muna hulɗa, rabinsu suka zo ba sa riƙe caji. Ranar da zan biya kuɗi, kira ɗaya ya ɗauka. Ranar da na kira domin ƙorafi, sai aka haɗa ni da wani, shi ma ya ce ba sashensa ba ne, ya ba ni wata lamba, wadda ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Na rubuta saƙo, alama ta nuna an karanta, amsa ba ta zo ba har mako biyu. Kaya suna iya zuwa da matsala a hannun kowa, wannan ban riƙe shi da shi ba. Abin da ya raba mu shi ne shirun da aka yi mini, alhali ni kuma ina tsaye gaban mutanen da na riga na sa wa waɗannan batura, ina canza musu daga aljihuna.

Wannan hali bai tsaya kan ƙananan 'yan kasuwa ba. A watan Disambar 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin wayoyin iPhone waɗanda batir ɗinsu ya raunana, domin kada su riƙa mutuwa ba zato, ya kuma ba da haƙuri. A fannin aiki, dalilin yana da ma'ana, duk wanda ya san batir ya san cewa tsohon batir ba ya iya ba da wuta mai yawa a lokaci guda. Amma a watan Fabrairun 2020 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Faransa ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 25, kuma hujjarta ita ce ba a sanar da masu wayoyin ba. Mutum yana ganin wayarsa ta yi nauyi, yana zaton ta tsufa ne sai ya sayi sabuwa, alhali canjin batir kaɗai ya ishe shi. Nakan ba yarana wannan labari idan na ga ɗayansu yana son ya yi wa waya wani abu ba tare da ya gaya wa mai ita ba, ko da abin alheri ne.

Sauran abubuwan da suke ɓata rai a kullum ƙanana ne, sai dai yawansu yana gajiyar da mutum. Wani zai zo ya tarar da mutum huɗu suna jira, ya miƙo wayarsa ta saman kafaɗarsu yana cewa tasa ba za ta ɗauki minti biyu ba, kamar su waɗanda ya tarar ba su da abin yi. Wani kana yi masa bayanin abin da ya sami wayarsa, shi kuma yana amsa kira a ɗaya wayar, yana yi maka alama da hannu ka ci gaba, gobe kuma ya dawo ya ce ba a gaya masa komai ba. Wani ya kunna bidiyo da ƙarfi a kan benci, alhali yaro yana can yana ƙoƙarin manna da dalma wata ƙafar ƙaramin sashen waya wadda ba ta kai kaurin gashi biyu ba. A namu ɓangaren kuma akwai yaron shago da mutum zai tsaya a gabansa ya yi gaisuwa, shi kuwa idonsa yana kan tasa wayar, ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba. Wannan na hana shi a shagona tun ranar farko, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wanda ya shigo da matacciyar waya ya riga ya shigo da damuwa.

Akwai wurare biyu da nake ƙin yi wa mutum abin da yake so, ko da zai fita yana fushi. Na farko shi ne batir da ya kumbura har ya ɗaga gilashi. Sau da yawa mai waya yakan ce in danna gilashin in manna masa da gam kawai, batir ɗin ai yana aiki. Kumburin nan iska ce da sinadaran cikin batir suke fitarwa idan sun fara lalacewa, kuma idan aka matsa shi ko aka huda shi yana iya kamawa da wuta. Wanda ya tuna yadda Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda batir, har aka hana shiga jirgin sama da ita a Amurka da wasu ƙasashe, ya san ba wasa ba ne. Na biyu shi ne wayar da aka kulle da asusun mai ita. Tun 2013 a iPhone, da 2015 a wayoyin Android, ko an goge waya gaba ɗaya takan nemi asusun da aka yi mata rajista da shi, an kuma yi haka ne domin a rage sata. Wanda ya kawo mini irin wannan ya ce in buɗe, nakan nemi rasit ko kwalin da lambar IMEI ɗinsa ta dace da ta wayar, wato lambar nan mai alƙaluma 15 da kowace waya take da tata. Wasu suna jin haushi, suna cewa na mai da su ɓarayi. Nakan ce musu, "Yallaɓai, ranar da taka ta ɓata, wannan tambayar za ka so a yi wa wanda ya kai ta wani shago."

Yanzu duk wayar da ta shigo, a gaban mai ita muke gwada ta, mu rubuta abin da yake aiki da wanda ba ya yi, da irin kayan da za a sa mata, da ranar karɓa ta gaskiya, ya riƙe kwafi mu riƙe kwafi. Idan muka buɗe muka tarar da wata cuta dabam, ba ma taɓa ta sai mun kira shi. Idan kaya suka makara, mu ne muke fara kira tun kafin ya baro gida. Wannan ya rage gardama ƙwarai, amma bai magance wani abu guda ba. A ƙasan kantata akwai aljihun tebur da wayoyi suke kwance a ciki, kowace da takardarta ɗaure da roba, an gama gyaransu, na sayi kayansu da kuɗina, masu su kuma ba su dawo ba. Wata ta yi wata takwas, wata ta haura shekara. Ba na sayar da su, domin amana ce, kuma batir da aka bari babu caji tsawon lokaci lalacewa yake yi, saboda haka duk farkon wata nakan sa ƙaramin yarona ya fito da su ya ɗan ba su wuta, ni kuma in ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya in sake kiran lambobin da aka bar mana.