Yadda Na Raba Wuƙar Layyarmu da Tsatsa

Wuƙar da ake yanka ragon layya da ita a gidanmu ƙirar maƙera ce, wadda mahaifina ya saya a Kasuwar Kurmi ta Kano tun ina yaro, kuma da sifirin mota aka ƙera ta, kamar yadda maƙeranmu suka saba. Irin wannan ƙarfe yana ɗaukar kaifi sosai, sai dai ba ya ga maciji da danshi. A 2024 Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar watan Yuni, damina ta riga ta sauka, kuma da aka gama fiɗa sai aka ɗauraye wuƙar sama-sama aka mayar da ita kube, ba wanda ya sake waiwayarta sai bayan kaka. Da na zaro ta, na tarar ruwanta ya yi jawur tun daga tsini har gindin ƙota, tsatsar tana bin yatsa kamar garin jar ƙasa.

Ƙarfen ne da kansa yake rikiɗa ya zama tsatsa idan ruwa da iska suka daɗe a kansa, jini da gishiri kuma suna ƙara wa abin sauri. Kuben fata da muke ɗauka kariya ne, shi ya riƙe laimar ya manna ta a jikin wuƙar tsawon watanni.

Abin da ke narkar da tsatsa shi ne tsami, kuma ɗakin girkinmu ba ya rasa shi. Na kwantar da wuƙar a kan katako, kaifinta yana kallon gaba, na barbaɗa gishiri, na matse lemun tsami guda uku a kai, na bar ta kamar minti 20. Daga nan na goge ta da ɓawon lemun, sannan da soson ƙarfe, ina fara kowane shafi daga bayan wuƙar zuwa bakinta, domin wanda ya bi ta wajen kaifi yatsansa zai yanka ko da wuƙar ta dakushe. Tsatsar sama ta fita nan take, amma ta kusa da ƙota, wadda ta yi kauri, ta ƙi motsi. A nan na koma ga tsamiya. Na jiƙa ta da ruwa kaɗan har ta yi kauri kamar kunu, na zuba a gorar roba da na yanke wa kai, na tsayar da wuƙar a ciki yadda ruwan ba zai taɓa ƙotar ba, saboda itace yana kumbura ya tsage. Ruwan kal ma yana wannan aiki ga wanda yake da shi. Dabarar da wasu ke yi ta soka wuƙa a dankalin turawa don cire tsatsa kuwa, a ganina ta ɗigo-ɗigon tsatsa ce kawai.

Inda mutane suke kuskure, ni ma na taɓa yi, shi ne lokaci. Tsami ba ya bambance tsatsa da lafiyayyen ƙarfe. Idan ya gama da ita sai ya shiga cin wuƙar. Na taɓa barin ƙaramar wuƙar yanka albasa ta kwana a ruwan kal, da safe na same ta ta yi toka-toka, jikinta ya yi kaushi, kaifin ya zube. Saboda haka a wannan karon duk rabin awa nake cirowa in goge in duba, kuma kafin awa biyu ta cika aikin ya kammala.

Da na ɗauraye ta, sai na shafe ta da tokar murhu mai laushi da ɗan ruwan kanwa, domin su kashe ragowar tsamin, tokar kuma ta fito da ƙyallin ƙarfen. Bai kamata a yi jinkirin busarwa ba, domin ƙarfen da aka kankare yana sake yin ja cikin 'yan mintuna idan aka bar shi da ruwa. Na tsane ta da tsumma, na shanya ta a rana har ta ɗauki ɗumi, sannan na shafa mata man kaɗanya kaɗan. Wani maƙwabcina ya kawo shawarar baƙin mai, na ce masa wannan na fartanya ne da gatari, bai dace da abin da zai taɓa nama ba.

Dabbare-dabbaren baƙi da suka rage ban taɓa su ba, domin wannan baƙin da tsohuwar wuƙa take yi yana ɗan kare ƙarfe, saɓanin jar tsatsa mai cin sa. Ƙananan ramukan da tsatsar ta haƙa kusa da ƙota ma suna nan, babu lemun da zai cike su. Na wasa ta a dutse, na naɗe ta a busasshen ƙyalle mai ɗan maiƙo, kuben kuma na rataye shi daban a jikin ƙusa.